Kafin ka ci bashin sabuwar kwamfuta saboda Photoshop

Wani ƙanenmu mai ƙaramin shagon hoto a unguwar Zariya, nan Maradi, ya aiko da wannan tambaya: "Yaya, shekara biyu ke nan ina aikin hoto da katin biki da bash. Photoshop ya ishe ni. Kwamfutar na tsayawa cik, yana rubuto mini wai disques de travail sun cika. Kuran ya ɗauke, aiki ya bi iska. Kalar da na gani a kwamfuta ba ita ke fitowa wurin masu bugawa ba, ƙ da ɗ kuma su koma akwati. Ga shi wanda nake aiki da shi wani ne ya zuba mini, ba saye na yi ba. In bar shi ne, ko in ci bashi in sayi babbar kwamfuta?"

Ƙanena, kada ka ci bashin nan tukuna. Na daɗe a wannan sana'a, kuma duk abin da ka lissafa babu wanda bai taɓa hana ni barci ba. Abin da na gane daga baya shi ne, yawancin wahalar ba ta rashin ƙarfin kwamfuta ba ce. Muna ɗora wa Photoshop kayan da ba nasa ba ne, kuma muna fara aiki ba tare da mun tambayi inda zai ƙare ba: a takardar hoto zai fito, a ledar bash, ko a wayar amarya kawai zai zauna? Wanda ya san amsar wannan kafin ya buɗe sabon fayil ya raba kansa da rabin ciwon kan da kake fama da shi.

Mu fara da bash, wato babbar ledar nan da ake buga hoto da rubutu a rataya, don ina da yaƙinin shi ne ke kashe maka kwamfuta. An koya mana duka cewa aikin bugawa sai da 300, wato ɗigon hoto 300 a kowane inci. Gaskiya ne, amma ga abin da za a riƙe a hannu. Lissafin daga idon mutum ya fito: a nisan santimita 30, inda ake riƙe katin gayyata, ido mai lafiya yana iya bambance ɗigo kusan 290 a inci. A nisan mita ɗaya ya koma wajen 87. A mita uku, ƙasa da 30. To, bash ɗin da za a rataya a bakin kanti ko a bayan ango da amarya, wa zai manna hanci a kansa?

Duba abin da kake sa kwamfutar ta ɗauka. Bash mai mita 3 da mita 2, in ka buɗe shi a 300, faɗinsa ɗigo 35,433 ne, tsawonsa 23,622. Jimla ya haura ɗigo miliyan 830, nauyinsa kuma kusan jiga biyu da rabi, tun ba ka ɗora hoton kowa a kai ba. Ko PSD, irin fayil ɗin da Photoshop ke ajiye aiki, ba zai karɓe shi ba, domin iyakarsa ɗigo 30,000 ne a kowane gefe da jiga 2 a nauyi; sai dai ka koma PSB, wanda aka yi don manyan ayyuka. Wannan bash ɗin dai, in ka buɗe shi a 72, ɗigo 8,504 ne da 5,669, nauyinsa bai kai mega 150 ba. A titi babu mai iya bambance su. Ni a 100 nake tsayawa in za a tsaya kusa da shi a ɗauki hoto, in kuwa na saman gini ne, 50 ma ta wadatar. Akwai masu cewa a yi aikin a kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Dabara ce mai kyau, amma ka lura: santimita 30 da 20 a 720 daidai yake da mita 3 da 2 a 72. Yawan ɗigon ne ke da nauyi, ba lambar santimita ba.

Saƙon nan na disques de travail kuma, wanda na Ingilishi ke kira scratch disk, ga ma'anarsa. In ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wato RAM, ta cika, Photoshop yakan ari fili a faifan ajiya ya baza kayansa, kamar tela da teburinsa ya cika ya koma yanka a tabarma. In faifan C ɗinka cike yake da hotunan bikin bara da finafinai, babu tabarmar. Ka kwashe tsofaffin ayyuka zuwa faifan waje, ka bar masa fili mai yawa, jiga hamsin in da hali. Ka rufe Photoshop, ka rubuta %temp% a wurin bincike na Windows, za ka tarar da manyan fayiloli masu suna Photoshop Temp. Ragowar ranakun da wuta ta ɗauke ne bai samu ya share bayansa ba, goge su. In ya ƙi buɗewa ma gaba ɗaya, danne Ctrl da Alt a daidai lokacin da yake tashi, zai ba ka zaɓin wani faifan. Cikin aiki kuwa, Édition sannan Purger yana zubar da abin da ya tara na komawa baya. Ka tabbata dai ba ka bukatar komawa, don in ka zubar ya tafi ke nan.

Akwai wani kuskure da ni kaina na yi, na kwana ina zagin kwamfuta a banza. Na zo yanke hoto na rubuta 1080, ina nufin ɗigo, ashe ma'aunin a santimita yake. Wato na umarce ta ta yi mini hoto mai mita goma da ɗoriya kowane gefe a 300, ɗigo sama da biliyan 16. Da ta ce faifai ya cika, gaskiyarta ce. Tun ranar, duk lambar da na rubuta sai na bi ta da px ko cm da hannuna.

In har za ka kashe kuɗi, ga inda za su yi amfani. Yawancin kwamfutocin hannu da ke shigo mana ta Kano ko ta Kwatano tsofaffin na ofis ne, masu RAM jiga 4 ko 8 da faifai mai juyawa. Photoshop na yanzu jiga 8 ne mafi ƙarancin abin da yake nema, 16 kuma ake so. Sauya faifan zuwa SSD, wato faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, ka ƙara RAM in allon kwamfutar na karɓa. Waɗannan biyun ba su kai rabin kuɗin sabuwa ba, kuma za ka rantse an canza maka ita. Sannan ka tuna garin da kake. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kwamfuta kuwa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankarta tun watan Janairu. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya busa, ya sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya. Kada ka ɗora ta a katifa ko darduma. In fuskar aikin na yin baƙi ko tana ƙyaftawa, shiga Préférences, Performances, ka cire alamar amfani da processeur graphique. Za ka rasa ƴan abubuwa kamar juya allo, amma zai daina faɗuwa.

Batun wuta ba sai na yi maka dogon bayani ba. Kaso mai yawa na wutarmu daga Najeriya yake zuwa, kuma duk wanda ke da shago ya tuna yadda aka sha bayan an yanke ta a watan Agustan 2023. Kwamfutar hannu mai batir mai rai ta fi ta tebur a nan, don batirin shi ne ondilarka, mai riƙe ka in wuta ta ɗauke. In batirin ya mutu, sayen sabo ya fi gaggawa a kan komai. Tun daga CS6, wato fitowar 2012, Photoshop na ajiye bayanan ceto da kansa duk minti 10. Shiga Gestion des fichiers ka mai da shi 5. Amma kada ka jingina da shi kamar bango. Abin da ya fi ɗauke wuta ciwo shi ne ta ɗauke a daidai lokacin da fayil ke ajiyuwa, don a nan yakan lalace ya ƙi buɗuwa har abada. Shi ya sa babban aiki ba na barinsa da suna ɗaya. Biki1, bayan awa guda biki2, haka har a gama. In na uku ya lalace, na biyu na nan.

Yanzu kala, inda aka fi yin rigima da masu kaya. Fuskar kwamfuta da haske take yin kala, daga ja da kore da shuɗi. Takarda da tawada take yi, daga shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, abin da ake kira CMYK, ko CMJN a Faransanci. Akwai kalolin da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa ko da za a kwana ana zuba ta: shuɗin nan mai ƙyalli, koren lemun tsami, ruwan hoda mai walƙiya. Kai kana ganinsu suna ɗaukar ido, su fito a mace. Danna Ctrl da Y ka ga kwatancin yadda za su fito, Ctrl da Shift da Y kuma zai shafa toka a duk inda tawada ba za ta kai ba. Shuɗi ne ya fi cin amana. Hajiya ta sa shadda shuɗiya, bash ya fito ta koma ruwan makuba, kai kuma ka shiga uku. Dalili shi ne jan ya yi kusa da shuɗin a lissafi. Ka bar tazara kamar 30 tsakaninsu, in C, wato shuɗin, na 100 kada M, wato jan, ya wuce 70, zai zauna a shuɗinsa.

Amma kada ka ji an ce CMYK ka riƙa mai da komai can. Injin wankin hoto mai fitar da 10 da 15, da ƙaramar firintar tawada ta shago, sRGB suke jira, wato tsarin kalar haske irin na fuskar kwamfuta. In ka ba su CMYK sai su sake juya shi, kalar ta dusashe sau biyu. Masu bash kuma kowane da yadda injinsa yake so. Je ka da ƙafarka ka tambayi yaron da ke zaune gaban injin, ba mai karɓar kuɗi ba: wane irin fayil, wace kala, ɗigo nawa? Minti biyar ne.

Abin da ya fi yi mini amfani a duk shekarun nan bai da tsada. Na haɗa takarda guda mai fuskoki uku, baƙi wuluk da wankan tarwaɗa da fari, ga farar shadda, ga jan lalle, ga shuɗi da kore, ga layin toka daga fari zuwa baƙi. Na kai wa kowane mai bugawa da nake hulɗa da shi ya fitar mini. Na dawo na ɗora kowace kusa da kwamfuta, na rage hasken fuskar har ta yi kusa da takardar. Kusan kullum hasken kwamfutar ne ya yi yawa, shi ya sa hotuna ke fitowa da duhu. Takardun suna manne a bango har yau, kowace da alamar wurin da aka buga ta. Na san wannan injinsa na jan ja, wancan na cin duhu, sai in gyara tun daga nan. Fuskar tsohuwar kwamfutar hannu ma, in ka ɗan sunkuyar da ita kalar ta canza, don haka ka saba da zama iri ɗaya, kuma kada ka yi gyaran kala rana na dukan allon ta ƙofar shago.

Tunda mun zo fuska, bari in faɗi ra'ayina ko da ba ka tambaya ba. Mai hoto zai ce a ɗan haska shi, amarya ta ce a goge mata komai. Yara sai su ɗauki abin dusarwa su shafe fuskar har ta koma kamar roba, su ja haske har wuya da hannu su zama na wani mutum dabam. Ranar da aka kai hoton gida, uwar amarya ce za ta fara cewa wannan ba ƴarta ba ce. Baƙar fata ba haskawa take bukata ba, haske mai kyau take so lokacin ɗauka, sannan a ɗan ɗaga tsakiyar Courbes, layin nan na daidaita haske da duhu, a bar duhun a inda yake. Ƙuraje a cire su ɗaya bayan ɗaya da Correcteur, buroshin cire tabo, a bar ƙofofin gashi. Tsagar gado kuwa kada ka taɓa sai mai ita ya ce. Farar shadda kuma in ta ƙone a kyamara har zanenta ya ɓace, babu manhajar da za ta dawo da shi. A wurin ɗauka ake rage haske saboda ita. Duk gyaran nan ka yi shi a calque de réglage da masque, wato shimfiɗar gyara da ake ɗorawa a kan hoto, ba a jikin hoton ba, don in mai kaya ya dawo ya ce a mayar, ka mayar cikin minti ɗaya.

Sau da yawa kuma hoton tun kafin ya iso hannunka ya mutu. An turo shi ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage girmansa, wani ma hoton allo ne na hoton da aka ɗora a status. A ce ka yi bash mai mita biyu da shi. Takardar A4 kaɗai a 300 tana son ɗigo 2,480 da 3,508. Ka koya wa masu kayanka su turo a matsayin document, ko su zo da wayar ka ɗauka da kebul. In babu sai wannan ɗin, faɗa musu gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗi, ka ƙanƙanta hoton a cikin zanen, ka bar rubutu da ado su cika fili. Masu iPhone kuma tun 2017 hotunansu HEIC ne, tsohon Photoshop ba ya buɗewa; a saitin kyamarar akwai inda ake zaɓar mafi dacewa da kowace na'ura, daga nan JPEG za ta riƙa ɗauka. Haka in ka sayi sabuwar kyamara CS6 ya ƙi buɗe RAW ɗinta, wato ɗanyen hoton kyamara, don Camera Raw nasa mai buɗe su a 9.1.1 ya tsaya: akwai DNG Converter na Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop, kyauta ne, ya juya maka su sannan ka buɗe. JPEG kuma duk ajiyewa yana ƙara lalacewa, don haka uwar aiki ta zauna a PSD ko TIFF, JPEG sai a ƙarshe.

Sai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. A nan ba ruwan Photoshop. Kowane salon rubutu, police ɗin nan, yana da adadin haruffan da mai zana shi ya zana, kuma yawancin masu ƙayatarwar da muke saukewa don katin biki ba a zana musu masu lanƙwasa ba. In harafin babu, sai akwati ya fito, ko manhajar ta aro shi daga wani salon ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Na taɓa kai katin ɗaurin aure ɗari biyu wurin wani mai bugawa da rubutun a buɗe, kwamfutarsa ba ta da salon da na yi aiki da shi, kowane kati ya fito da akwati a farkon ɗaurin. Laifina ne, ni na biya. Kuma kada ka ce bari in sa k kawai a wuce wurin, don ka san tsakanin ƙarya da karya akwai tafiya.

Salon da ba sa ba da kunya su ne dangin Noto na Google, da Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, duka kyauta. In allon rubutunka ba ya fitar da haruffan, buɗe Word ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ zai fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ, 01B4 na ƴ. Ka tara su da manyansu a fayil guda kana kwafowa, ko ka zuba Keyman, manhajar da ke ƙara wa allon rubutu haruffa, ka huta. In mai kati ya nace sai salon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe, rubuta k ɗin, ka mai da rubutun zane, ka ɗora masa ƙugiyar da Plume, alƙalamin zane na Photoshop. Kafin aiki ya bar shagonka kuwa, ko dai ka mai da duk rubutu zane, ko ka fitar da PDF. Rubutu a buɗe ba ya fita ƙofa.

Larabci ma haka. Bismilla ko addu'ar da ke saman kati takan fito haruffa a warwatse, daga hagu zuwa dama. A CS6 da waɗanda suka biyo shi, shiga Préférences, Texte, ka zaɓi injin rubutun Gabas ta Tsakiya, ka rufe ka sake buɗewa. Sababbin sun haɗe injin wuri guda. Amiri salo ne mai kyau na Larabci. In ajami ne ko aikin makarantar allo, nemi Alkalami da Harmattan na SIL. Na farkon a kan rubutun Kano aka zana shi, irin wanda idon mutanenmu ya saba da shi. Aya ko hadisi kuwa, ko ka tabbata daidai ne, kai wa malami ya duba kafin a buga.

Wannan ya kawo ni ga kayan da na ce ba nasa ba ne. Ƴan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, su suka ƙirƙiri Photoshop, ya fito a 1990, kuma don gyaran hoto aka yi shi. Asalin aikinsa da ɗigo ne. Rubutu da tambari da layi kuwa aikin manhajar zane ne, wadda ke lissafa siffa ba ɗigo ba, shi ya sa ko ka ja ta ta kai girman gini bakinta na nan da kaifi, fayil ɗin kuma bai da nauyi. Masu bugawa na Kano da Katsina da ke riƙe da CorelDRAW ba ƙauyanci ba ne, sun san abin da suke yi. Gyara hoton a Photoshop, yanke shi daidai girman da ake so, ka kai shi CorelDRAW ko Inkscape ka jera rubutu. Ƙananan rubutu baƙi kuma ka ba su K 100 kaɗai, wato baƙar tawada zalla. Baƙin Photoshop in an juya shi yakan haɗa tawada huɗu, injin ya ɗan goce kaɗan rubutun ya yi inuwa.

Ɗan abin da zai rage maka gajiya: hoton katin shaida. Mai santimita 3.5 da 4.5 guda takwas ke shiga takardar 10 da 15, mai 4 da 4 kuma shida. Kada ka riƙa jera su da hannu kullum. Yi sau ɗaya kana naɗa a Actions, wanda tsofaffin na Faransanci ke kira Scripts, ka ba shi maɓalli guda. Lokacin rajistar jarrabawa, da ɗalibai suka yi layi a ƙofa, za ka gode mini. In kuma allon rubutunka AZERTY ne kana fama da maɓallan ƙara girman buroshi, danne Alt da maɓallin dama na linzami ka ja gefe. Wanda ya tashi daga tsohon Photoshop zuwa sabo kuma zai tarar tun fitowar ƙarshen 2018 an juya aikin Shift wajen ja da girman hoto, an kuma canza Ctrl da Z. Masu aiki a duniya sun yi ta ƙorafi har aka sa wurin komawa tsohon tsari a cikin saiti.

Saura maganar da ka faɗa a ƙarshe, kuma na ji daɗi da ba ka ɓoye ba. CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da ake saya a mallaka. Daga 2013 Adobe ya koma haya, wata-wata ko shekara-shekara. Ga mai shago a nan, wahalar biyu ce: kuɗin, da hanyar biyansu, don sai da katin banki mai aiki a intanet. Ba kullum yake son intanet ba, yakan leƙa ne duk kwana 30 ya tabbatar an biya, mai biyan shekara kuma yana iya kai kwana 99 babu rezo. Sabon aikin nan na cike hoto da ƙirƙirarriyar basira, da ya zo a 2023, shi kam ba ya motsi sai da intanet. In za ka shiga, karanta sharaɗin da kyau: tsarin shekara da ake biya wata-wata, in ka fasa bayan kwana 14, ana cajin rabin abin da ya rage. A kan yadda ake bayyana wannan sharaɗi ne hukumomin Amurka suka kai kamfanin kotu a watan Yunin 2024.

Wanda aka fasa aka zuba maka kuwa, ba zan koya maka gyaransa ba, kuma ba don wa'azi kaɗai ba, ko da yake batun haƙƙi na nan kuma ka san inda ake tambayarsa. Wanda ya fasa manhaja ya raba kyauta ba don Allah ya yi ba. Ta cikin irin waɗannan ne ake yaɗa cutar da ke kulle fayiloli ta canza musu suna ta nemi kuɗin fansa. Na ga abokin sana'a da ta kulle wa hotunan biki uku da bai riga ya miƙa ba, kuma biki ba a maimaita shi. Wani tsayawar da kwamfutarka ke yi ma, mai yiwuwa wani abu ne ke cin ƙarfinta a ɓoye. Ko me ka yanke, hotunan mutane su kasance a wuri biyu, ɗayan a faifan da ba ya kwana a jikin kwamfutar.

Yau kuma ba kamar shekarun da muka fara ba ne, akwai inda za ka koma. Affinity, wadda kamfanin Canva ya saya a 2024, ta zama kyauta tun ƙarshen Oktoban 2025, asusun Canva kawai ake buɗewa. Tana buɗe PSD, tana aiki da CMYK, kuma hoto da zane da jera shafi duk wuri guda suke. Ita ce ta fi kusa da abin da hannunka ya saba. An daɗe ana kuka da ita a kan rubutun dama zuwa hagu, don haka gwada Larabcinka tun ranar farko, in ya ƙi ka rubuta shi a Inkscape ka shigo da shi a matsayin zane. GIMP kyauta ce tun asali, ba ta neman asusu ko intanet, ba ta da nauyi, fitowarta ta 3.0 a watan Maris na 2025 kuma ta kawo gyaran da ba ya taɓa jikin hoto. Rauninta shi ne ba a zama a yi aiki cikin CMYK kai tsaye. Krita na yin wannan. Photopea a cikin burauza take, kamanninta kamar Photoshop, tana ceto ranar da aka kawo maka PSD kana wurin da ba kwamfutarka, kuma hoton a na'urarka yake zama ba a tura shi ko'ina.

Kada dai ka sauya ana saura kwana uku Salla, ko a tsakiyar lokacin bukukuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuba Affinity kusa da wanda kake da shi, ka ɗauki aikin da ba na gaggawa ba, kamar hoton katin shaida ko tallan shago, ka yi shi can daga farko har bugawa. Mako biyu na farko hannunka zai riƙa neman maɓallan da ba sa nan, za ka ji kamar ka koma ɗan koyo, wannan kuma dole ne. In bayan wata guda akwai aikin da ke kawo maka kuɗi wanda ba ya yiwuwa sai da Photoshop, to lissafa ko ribar wata na ɗaukar hayarsa, ka biya na halal ka sa kuɗin cikin farashin aikinka. Kafin nan, gobe da safe ka buɗe bash ɗin da ya fi ba ka wahala, ka shiga Taille de l'image ka duba lambar da ke wurin résolution. In 300 ka gani, mai da ita 100, ka ajiye da sabon suna, ka ga yadda kwamfutar za ta yi.